Gina Ƙaramin Tafkin Ninƙaya a Bayan Gida: Ina Za a Ajiye Famfo, Matata da Kayan Wuta?

Duk mai yawan leƙa TikTok ko Instagram ya sha cin karo da irin bidiyon nan da ake haƙa rami a bayan gida, a zuba kankare, a manna shuɗin tayil, cikin daƙiƙa 60 sai ga ruwa garau yana ƙyalli. Abin da ba a cika nunawa ba shi ne ɗan lungun da aka ajiye famfo da matata da akwatin wuta. A wannan lungun ne kuwa ake gane ko tafkin zai zama wurin shaƙatawa ko zai koma kududdufin sauro.

Tafkin ninƙaya, wanda matasa suka fi sani da suwimin ful, na'ura ce mai aiki kullum. Bututunsa da wayoyinsa suna binne a ƙarƙashin kankare, saboda haka kuskuren da aka yi wajen tsara su ba ya gyaruwa sai an fasa. Tun ran gini tun ran zane. Bayanin da ke tafe ya ɗauki misalin tafki mai tsawon mita 6, faɗin mita 3, zurfin mita 1.2, girman da zai shiga bayan gida matsakaici.

Lissafin farko: ruwa nawa ne?

Idan aka ninka 6 sau 3 sau 1.2 za a samu 21.6, wato lita 21,600. Kowace lita 1,000 ta ruwa nauyinta tan ɗaya ne, ke nan ƙasar wurin za ta ɗauki sama da tan 21, ban da nauyin kankare da rodi. Wannan kaɗai ya isa dalilin neman injiniyan gini ya duba ƙasar kafin a sa diga, musamman idan cikon ƙasa ce ko mai laka.

Daga wannan adadin ake fitar da girman famfo. Abin da aka saba nema shi ne ruwan tafkin gida ya ratsa matata gaba ɗayansa cikin awa 6 zuwa 8. A raba 21,600 gida 6, amsar ita ce lita 3,600 a awa ɗaya. Ƙaramin famfo mai ƙarfin rabin doki ya kan wuce wannan adadin. Masu saye da yawa suna ɗauko mai doki ɗaya da rabi ko biyu a kan tunanin babba ya fi aiki. Sakamakon shi ne ƙarin kuɗin wuta, ƙarin ƙara, da ruwan da ke ratsa matata a guje har ya tura datti ya koma cikin tafki.

Wurin da za a haƙa

Abu huɗu ake fara dubawa. Na farko tushen ginin gida da katanga: ramin da ya matse su zai iya sassauta ƙasar da suke tsaye a kai, don haka magina kan bar tazarar da ba ta gaza zurfin ramin ba. Na biyu abin da ke binne, kamar sokawe, bututun ruwa da kebul ɗin wuta. Na uku abin da ke sama: bai kamata wayar wuta ta ratsa ta saman tafki ba, domin sandar da ake kwashe ganye da ita ta alminiyam ce mai tsawon mitoci. Na huɗu bishiyoyi. Inuwar darbejiya ko mangwaro tana da daɗi, amma ganyensu zai cika ruwan, saiwarsu kuma ta bi danshi ta matse bututu.

Akwai kuma batun ruwan ƙarƙashin ƙasa. A unguwannin da ruwa ke kwanciya da damina, tafkin da aka zuƙe ruwansa aka bar shi wayam yana zama tamkar kwale-kwale, ruwan da ke ƙasa ya ɗaga shi ya tsattsage. Ana magance wannan da wani ɗan bawul da ake sakawa a gindin tafkin tun lokacin gini, wanda ke buɗewa ya bar ruwan ƙasa ya shigo idan matsinsa ya yi yawa.

Yadda ruwan ke zagayawa

Hanyar ruwan ɗaya ce: ya fita daga tafki, ya shiga famfo, ya wuce matata, a sa masa kulorin, ya dawo. Mafitarsa ta farko ita ce sikima, wani baki mai kwando da ake yi a jikin bango daidai saman ruwa, wanda ke zuƙe ganye da ƙura tun kafin su nutse. Bakunan da ke feso tataccen ruwa kuma ana sa su a bangon da ke fuskantar sikimar, domin su riƙa kora mata datti.

Iska ce ke zaɓa wa sikima wuri. Ana sa ta a gefen da iska ke kora abubuwa zuwa gare shi. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, ta damina kuma daga kudu maso yamma. Tunda ƙura da busasshen ganye sun fi yawa da hunturu, wanda zai sa sikima ɗaya tak ya fi dacewa ya sa ta a gefen kudu maso yamma. Sai dai katanga da ginin gida suna juya iska, don haka yana da kyau a zuba ɗan busasshen ganye a filin, a kula da lungun da yake taruwa na kwana biyu ko uku.

Mafita ta biyu ita ce magudanar da ke gindin tafki, kuma a nan akwai haɗarin da mutane da yawa ba su san da shi ba. A shekarar 2002 wata yarinya mai shekara 7, Virginia Graeme Baker, jikar tsohon sakataren harkokin wajen Amurka James Baker, ta rasu bayan ƙarfin zuƙar magudanar wani kwamin wanka ya manne ta a ƙasan ruwa. Rasuwarta ce ta kai ga dokar da Amurka ta kafa a 2007 mai ɗauke da sunanta, wadda ta tilasta amfani da murfin magudana na musamman a wuraren ninƙaya na jama'a. Darasin ga mai gini shi ne a yi magudana biyu a haɗe da bututu ɗaya, tsakaninsu aƙalla santimita 90, ta yadda jikin mutum ɗaya ba zai toshe su lokaci guda ba. Idan murfi ya fashe ko ya ɓalle, ba a shiga ruwan sai an canza shi.

Wurin famfo: kusa, amma ba dab ba

Wannan shi ne zaɓin da ya fi kowane tasiri a kan kuɗin da za a riƙa kashewa duk wata. Famfon tafki ya fi ƙwarewa wajen tura ruwa a kan jawo shi. Duk mitar bututu da aka ƙara da duk kwanar da aka yi suna rage masa ƙarfi, kamar yadda doguwar wayar caja marar kauri ke rage saurin cajin waya. Idan kuma aka ninka gudun ruwa a cikin bututu ɗaya, gogayyar tana ƙaruwa kusan sau huɗu. Shi ya sa bututu mai faɗin milimita 50 ya fi dacewa da tafki irin wannan a kan ƙananan bututun bayan gida, kuma a rage kwanoni iya yadda za a iya. Dab da bakin famfo a bar miƙaƙƙen bututu mai tsawon kusan ninki biyar na faɗinsa, domin ruwan ya shiga a natse.

Tazarar mita 4 zuwa 8 daga bakin tafki ta wadatar a yawancin ƙananan gidaje. Ƙasa da haka an shiga yankin da fantsamar ruwa ke kaiwa ga kayan wuta, fiye da haka kuma ana asarar ƙarfi a banza.

Tsayin wurin ma yana da muhimmanci. Famfon da ke daidai da saman ruwan tafki, ko ƙasa da shi kaɗan, kullum cike yake da ruwa, da an kunna ya kama aiki. Wanda aka ɗora can sama sai ya fara zuƙe iskar da ke cikin bututu tukuna, kuma a wurin da ake ɗauke wuta sau da yawa a rana zai riƙa maimaita wannan wahalar har robar da ke hana shi yoyo ta ƙone. Wasu kan haƙa wa famfon rami domin ya sauka ƙasa da ruwa. Dabarar tana aiki, amma ramin da ba shi da mafitar ruwa zai cika a ruwan sama ɗaya na watan Agusta, injin ya nutse. Wanda ya zaɓi rami dole ya yi masa magudana, ya kuma sa bawul kafin famfo da bayan matata, domin ranar da za a buɗe murfi kada tafkin ya juye a kan mai gyara.

A zuba wa kayan daɓen kankare mai ɗan tudu, kamar santimita 10, a yi musu rumfa mai shan iska. Rana tana busar da roba har ta tsage, rufaffen ɗaki marar taga kuma yana dafa injin. A bar filin da mutum zai tsuguna ya cire kwandon famfo, da sarari a saman matata don buɗe ta. A haɗa kowace na'ura da mahaɗi mai zare wanda ake kwancewa da hannu, domin canza famfo kada ya zama sai an yanka bututu. Kuma tunda injin zai yi awanni yana ƙugi, kada a manna shi a ƙarƙashin tagar ɗakin kwana, na gidan ko na maƙwabci.

Matata da kulorin

Matata iri uku ce a kasuwa. Mai yashi tana kama datti mai girman maikiron 20 zuwa 40, mai takarda tana kama ƙanana da haka, mai hoda kuma ta fi su duka tacewa amma ta fi wahalar kulawa. Don kwatance, kaurin gashin mutum ya kai kusan maikiron 70. A wurin da ƙura ta yi yawa mai yashi ta fi sauƙin sha'ani, domin wanke ta juya hannun bawul ne kawai, ruwa ya bi ta baya ya fitar da dattin. Agogon matsi da ke samanta ne ke nuna lokacin wankin: a rubuta lambar da yake nunawa ranar da matatar take da tsabta, idan ya haura ta da kusan rabin ba, lokaci ya yi.

Kowane wanki yana zubar da lita ɗaruruwa, don haka tun a zane a san inda ruwan zai bi. Kada a tura shi cikin sokawe ko gindin katangar maƙwabci.

Na'urar da ke sa kulorin ita ce ta ƙarshe a layi, bayan matata, domin kulorin mai ƙarfi kada ya ratsa sauran kayan ya cinye su. Ana son kulorin ya tsaya tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita, ma'aunin pH kuma tsakanin 7.2 da 7.6. Akwai na'urar da ke samar da kulorin daga gishiri ta amfani da lantarki. Tana buƙatar kusan giram 3 na gishiri a lita, wato kimanin kilo 65 a tafkin misalin nan, amma ba ta aiki sai famfo yana juyawa. Robobin kulorin da na asid kuwa ba a ajiye su wuri ɗaya, domin haɗuwarsu tana fitar da iskar gas mai guba. Ba a kuma ajiye su a ɗakin famfo, saboda tururinsu yana sa allon lantarki tsatsa.

Wuta da ruwa

Jikin da ya jiƙe ba ya tare lantarki kamar busasshe, kuma ɗan abin da zai sa mutum ya zabura a tsandauri zai iya sandarar da shi a cikin ruwa har ya kasa fita. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 60364-7-702 ta raba kewayen tafki gida uku: cikin ruwan kansa, mita 2 daga bakinsa, sai ƙarin mita 1.5 bayan nan. Fitilar cikin ruwa ana ba ta wutar da ba ta wuce bolt 12 ba, taransifomarta kuma tana can nesa a wurin kayan aiki. Lambar IP68 da ake gani a tallan wayoyin Samsung da iPhone ita ake nema a jikin fitilar: 6 na nufin ƙura ba ta shiga, 8 na nufin tana jure zama a cikin ruwa.

Birekar da aka saba gani a gida aikinta kare waya daga kamawa da wuta, ba ta faɗuwa sai amfiya 16 ko 20 sun wuce. Abin da ke kashe mutum bai kai ko kusa da haka ba. Saboda haka duk layin da zai je wurin tafki sai ya bi ta na'urar RCD mai miliamfiya 30, wadda ke kwatanta wutar da ta fita da wadda ta dawo, ta katse nan take idan wani ɓangare ya ɓace a hanya. Mai wayarin ya gwada ta a kan kowace hanyar wuta da gidan ke amfani da ita, ta layi da ta janareta da ta inbata, domin wasu janaretoci da inbatoci ba a haɗa su da atin yadda RCD za ta yi aikinta ba.

Haka kuma duk ƙarfen da ke kewayen tafkin, rodin cikin kankare da tsani da jikin famfo, ana ɗaure su da wayar tagulla guda, domin kada a samu bambancin ƙarfin lantarki tsakanin abu biyu da mutum zai iya taɓawa lokaci ɗaya. Wannan aikin kafin zuba kankare ake yin sa.

Mai sayen kaya ta intanet ya duba lambar da ke jikin injin. Wutar Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ce mai hez 50, kayan da aka ƙera don kasuwar Amurka kuma na hez 60 ne.

Rage cin wuta da sarrafawa ta waya

Famfon da ke jan wat 600 na awa 8 yana cin yunit 4.8 a rana, kusan 144 a wata. A nan ne famfo mai sauya gudu ya yi fice. Famfon da aka saba da shi yana juyawa kusan sau 2,900 a minti, ko ana buƙatar haka ko ba a buƙata. A lissafi, idan aka rage gudun da rabi, ruwan da yake turawa zai ragu da rabi, amma wutar da yake ci za ta sauka zuwa kashi ɗaya cikin takwas. Ko an ninka awannin aikinsa, abin da zai ci kusan kwata ne. A aikace ragin bai cika kai haka daidai ba, amma yana da yawan da ya sa tun watan Yulin 2021 dokar makamashi ta Amurka ta mayar da irin wannan famfon kusan dole ga manyan famfunan tafki. Ga mai sola akwai ƙarin riba: yana tashi a hankali, ba ya fizgar wuta kamar na gargajiya wanda ke jan ninkin abin da aka rubuta a jikinsa sau da yawa lokacin tashi. Tsakar rana da sola ke ba da wuta sosai ita ce kuma lokacin da rana ke ƙone kulorin, gansakuka ke samun damar yaɗuwa, don haka a nan ya kamata a jera awannin aikin famfo.

Ana iya kunna famfo da kashe shi ta manhaja da ƙananan makunnai irin na Sonoff, Shelly ko Tuya. Kada a haɗa injin kai tsaye a jikinsu, domin fizgar tashi tana iya narkar da ɗan ƙarfen da ke ciki ya manne a kunne. Makunnin ya riƙa ba kontakta umarni, ita kuma ta ɗauki nauyin injin. Yawancinsu Wi-Fi mai gigahez 2.4 kawai suke kamawa, don haka kafin a zuba daɓe a tsaya da waya a daidai wurin a ga ƙarfin sigina. A zaɓi wanda ke riƙe jadawali a cikin kansa ko data ta ƙare, a kuma saita abin da zai yi idan wuta ta dawo. Dole a samu makashin hannu a kusa da famfon, domin kada wani ya kunna daga falo alhali hannun mai gyara yana ciki.

Kunnawa daga nesa yana da wani haɗarin. Fuskar tafkin misalin nan murabba'in mita 18 ce, duk milimita ɗaya da ruwa ya sauka lita 18 ce ta tafi. Idan zafi da busasshiyar iska suka sauke shi milimita 5 a rana, lita 90 ke nan. Da ruwan ya sauka ƙasa da bakin sikima, famfo zai zuƙi iska ya ƙone. Ɗan ƙwallon auna ruwa irin na tankin sama yana iya hana wannan, murfin tafki kuma yana rage tsotsewar ruwan da shigar ƙura.

Shinge ya riga kyamara

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kwata daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Yaro yana nutsewa ne shiru, cikin 'yan mintoci. Faransa tun 2003 ta wajabta wa masu tafkin gida sa abin kariya, a Ostireliya kuma ana neman shinge mai tsayin mita 1.2, tsakanin sandunansa bai wuce santimita 10 ba, da ƙofa mai rufe kanta wadda ke buɗewa waje. Shingen ya zagaye tafkin ta kowane gefe, ya raba shi da ƙofar gida. Kada a jingina matata ko rumfar famfo da shi daga waje, domin yaro zai mayar da su matakala. Kyamara da ƙararrawa ƙari ne kawai, saƙonsu yana iya makara ko ya iske wayar tana caji a wani ɗakin. Idan za a ɗaga katanga don sirri daga benen maƙwabta, a bar tagar kicin ko ta falo tana kallon ruwan.

Kafin a zuba kankare

A toshe bakunan bututu, a cika su da ruwa mai matsi, a bar agogo a kai kwana ɗaya a ga ko lambar za ta sauka. A binne ƙarin bututun waya guda ɗaya wayam daga gida zuwa wurin famfo, saboda kebul ɗin intanet ko wata na'urar da za a so ƙarawa nan gaba. Sannan a ɗauki hoton kowane bututu da kowace waya tare da tef ɗin awo a gefensu, a adana a Google Drive ko wani wurin da ba zai ɓace da wayar ba. Ranar da yoyo ya ɓulla bayan shekara uku, waɗannan hotunan ne za su nuna wa mai gyara tayil ɗin da zai ɗaga.